Digirin Dakta a Ilmin Ƙwayoyin Cuta: Misali Daga Sanƙarau

Ɗalibin da ya tashi a Kagara ko Wurno ko Rabah ya san sanƙarau, cutar da kan ɓarke daga hunturu zuwa bazara. Wata bakteriya mai suna Neisseria meningitidis ce ke haddasa annobar. Tana da nau'o'i da dama, kowanne da irin rigar da ta lulluɓe shi, kuma da wannan riga garkuwar jiki ke gane maƙiyinta. Shi ya sa rigakafin nau'in A, wanda aka soma a Nijeriya a 2011, bai hana nau'in C ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba. Sai a 2024 aka kawo allura guda mai kariya daga nau'i biyar.

Irin wannan matsala ce ake gina digirin dakta a kanta, domin ta haɗa ilmin ƙananan halittu da na garkuwar jiki. Hanyar tana da tsawo: digiri na farko, alal misali a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sai na biyu, sannan aƙalla shekara uku ta bincike. A wannan mataki hadda ba ta fid da mutum. Tambaya guda zai riƙe, kamar wane nau'i ne ke ɓoye a maƙogwaron masu lafiya a Goronyo, don da yawa na ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. Zai nemi yardarsu, ya lakato majinar maƙogwaro, ya raini ƙwayar a ɗakin gwaji, ya ƙirga, sannan ya kare sakamakonsa a gaban masana.