Kafin ka ƙaro RAM, duba baƙinka

Daga Yelwa zuwa Warra, masu cibiyoyin kwamfuta sun fara komawa ga saba guda mai ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo a cikinta: wannan ta rajistar ɗalibai, waccan ta atisayen jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta kacokan tun 2015. Dalili a fili yake, sola da batir ba sa jure injuna da yawa. Sai dai kiran da na fi samu shi ne: "Injiniya, saba ta yi nauyi, a ƙaro mana RAM."

Sau da yawa ba RAM ce ta gaza ba. A wurinmu saba ita ce mai masauki, kwamfutocin cikinta baƙi. Baƙo in ya kama wuri a RAM, ko ya gama da shi mai masauki ba ya sani. Ka raba wa baƙi shida gigabait takwas-takwas a saba mai 32, ka yi alkawarin 48 ke nan. Da wuri ya cika, sai mai masauki ya riƙa kwashe kayan baƙi zuwa faifai a makance, har da waɗanda ake cikin aiki da su. Nan za ka ga fitilar faifai ta ƙi hutawa, ɗalibi ya danna amsa allo ya daskare.

Maganin shi ne baƙo ya san shi baƙo ne, su haɗa kai da mai masauki. Manhajar Xen ta Jami'ar Kambirij ce ta yayata wannan dabara a 2003. A manhajojin KVM da Proxmox masu ɗaukar baƙi, direbobin virtio ke wannan aiki, musamman na balan-balan. In wuri ya matse, sai balan-balan ya kumbura a cikin baƙo, baƙon da kansa ya zaɓi abin da ba ya buƙata ya saki. In an samu sarari, sai balan-balan ɗin ya sace.

Yawancin Linux na zuwa da direban, Windows kuwa sai an saka masa. Ka yanka wa kowane baƙo ƙaramin kason da ba za a taɓa ba. Baƙon da ke riƙe da rumbun bayanai kuma a bar masa rabonsa cif.

Masu cibiyoyi, kafin ku aika Birnin Kebbi ko Kano sayen RAM, ku sa mai gyaranku ya duba ko direbobin nan suna aiki. Kyauta ake sauke su.