Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi Mai Fiffike Hawa Biyu

Yawancin jiragen da suka gwabza a sararin Faransa da Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, da katako da yadi da waya aka gina su. Sopwith Camel na Ingila, wanda ya shiga fagen daga a 1917, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 8.5 ne. In aka rage shi sau 72, ma'aunin da masu wannan aiki suka saba da shi tun shekarun 1930, sai ya dawo kusan santimita 12. In kuwa sau 144 aka rage shi, bai cika santimita 6 ba. A ganina, duk wanda zai haɗa samfurin roba mai wannan ƙanƙanta, dole ya fara fahimtar abin da ke riƙe da jirgin na gaske: fiffike biyu, turaku a tsakaninsu, da wayoyin da suka ɗaure su tamau. Daga nan ne tsarin aikin yake fitowa, kowane mataki da dalilinsa.

Farkon aiki shi ne wanke sassan da ruwan ɗumi da sabulu, domin maiƙon wurin zubi yana hana fenti kamawa. Sai a yanko kowane sashe daga reshen robar da yake manne da shi da reza mai kaifi, a goge wurin yankan da sanfefa mai laushi. Nan ne mai haƙuri yake tsayawa a kan fiffike. Roba ba ta zubuwa da sirantakar da ma'aunin ke bukata. Bakin fiffike mai kaurin rabin milimita a ma'aunin 144 daidai yake da santimita 7 a jirgi na gaske, abin da bai taɓa kasancewa ba. Don haka ake kankare bakin baya ta ƙasa har ya yi kaifi, a bar saman da layukan haƙarƙarinsa. Bayan an shafa wa mazaunin matuƙi launin katako, sai a haɗa ɓangarori biyu na gangar jiki da gam ɗin roba, wanda ke narkar da gefen biyu su zama ɗaya. Daga nan a ɗora jela da fiffiken ƙasa. Na Camel yana ɗan ɗagawa sama daga jiki zuwa baki, na samansa kuwa a miƙe yake sambal, kuma wannan bambanci shi ne kamanninsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: kafin gam ya bushe ake tallafe bakin fiffiken da 'yan gutsattsarin kwali masu kauri ɗaya, a bar shi ya kwana.

Mataki na gaba shi ne wanda sababbin hannu suka fi tsallakewa: a huda ramukan waya, a yi fenti, a manna tambari, duk kafin fiffiken sama ya hau. Tazarar da ke tsakanin fiffiken biyu a ma'aunin 144 kusan santimita ɗaya ce, burushi ba zai shiga can ya fito lafiya ba. Jiragen Ingila ana shafa musu launin da ake kira PC10 a sama, wani ruwan ƙasa mai sirkin kore, ƙasansu kuma launin yadi mai ɗan rawaya. Jamusawa sun yi amfani da yadin da aka buga wa zanen kusurwoyi masu launi huɗu ko biyar, wanda a yau ake samunsa a takardar tambari da ake jiƙawa a ruwa a zame ta kan fiffike. A tsinka fentin sosai, a shafa sau biyu ko uku, a kuma ɗan sirka shi da fari, saboda launi mai duhu yana danne ƙaramin abu. Wasu za su ce fenti yana hana gam kama roba, kuma gaskiyarsu. Maganin abin mai sauƙi ne: a kankare fentin da bakin allura a daidai ramin da turke zai zauna, a ɗiga sufa gulu da tsinke.

Ɗora fiffiken sama shi ne zuciyar aikin. A Camel, fiffiken sama ya ɗan fi na ƙasa matsawa gaba, turakun kuma a karkace suke, saboda haka ido kaɗai ba ya isa. Ana yanka madogara ta kwali bisa zanen jirgin, mai tsaga biyu da ke riƙe kowane fiffike a tsayinsa da matsayinsa. Turakun roba sukan yi kauri ko su lanƙwashe, shi ya sa kamfanoni irin Valom na ƙasar Cek suke saka na siririn ƙarfe a kwalayensu, wasu masu aikin kuma su yanka nasu daga wayar tagulla. A fara da gajerun turaku huɗu na kan gangar jiki, a ɗora fiffiken, a duba ta gaba, ta sama, ta gefe. Sai ya zauna daram sannan a zura turakun waje da matsefata, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun sauka, bindigogin Vickers guda biyu da farfela suna jira har ƙarshe, domin su ne yatsa ke fara karyawa.

Saura waya, kuma a nan ne masu wannan aiki suka rabu. Masu barin ta suna da hujja ta lissafi: wayar da kaurinta ya kai milimita 5, in aka rage ta sau 144, ba ta kai kaurin gashin kai ba, don haka duk zaren da aka sa ya yi kauri. Lissafin daidai ne, amma bai gama magana ba. Wayoyin da suka tashi daga ƙasan gangar jiki zuwa fiffiken sama su ne ke ɗaukar nauyin jirgin a sama. Waɗanda suka gangaro daga tsakiyar fiffiken sama zuwa na ƙasa su ke riƙe fiffike in an sauka. Camel marar waya jirgi ne da ba zai iya tashi ba, kuma zare mai ɗan kauri ƙaramin kuskure ne a kan wannan. Ana samun zaren ta hanyar ɗumama guntun reshen roba a kan kyandir a ja shi har ya zama silili, ko a yi amfani da zaren fatsa mafi siranta, ko zare mai talewa da ake sayarwa don wannan aiki. A fara daga ciki zuwa waje, dama da hagu bi da bi, don kada jan gefe ɗaya ya karkatar da fiffike. Launin toka mai duhu yana rage wa zaren fitowa a ido. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya fara da Fokker D.VII na 1918, wanda kaurin fiffikensa ya sa bai bukaci wayoyi a tsakaninsu ba.

Akwai kuma masu cewa wahalar ba ta biya, tunda babban ma'auni irin na 32 yana nuna inji da kujera da kowace ƙusa. Babban samfuri yana koyar da sassan jirgi, ban musa ba. Ƙaramin kuwa yana tilasta wa mai shi zaɓe: me za a bari, me ba za a iya bari ba? Sannan a kan allo guda ana iya jera Camel da SPAD na Faransa da Albatros da Fokker, a ga yadda masu ƙira suka tashi daga fiffike siriri mai dogaro da waya zuwa mai kauri da ke ɗaukar kansa cikin 'yan shekaru. In an gama, a fesa banish marar ƙyalli sosai, a kafa jirgin a kan ɗan katako, a rufe shi da murfi mai haske, domin share ƙura a tsakanin wayoyin nan ya fi ɗaura su haɗari.