Ina Ikon Fir'auna Ya Tsaya?



Duk wanda ya zauna wurin tafsiri ya ji labarin da ke cikin Suratul Ƙasas, yadda Annabi Musa (A.S.) ya fita daga Masar a tsorace ya nufi Madyana, har dattijon da ya sauke shi ya kwantar masa da hankali cewa ya tsira daga azzalumai. Masu tafsirin Jalalaini sun ba da dalili a taƙaice, wato Fir'auna ba shi da iko a kan Madyana. Ashe ke nan akwai waɗansu ƙasashe a wajen Masar da yake da iko a kansu, waɗanda da Musa ya faɗa cikinsu da bai tsira ba. Almajirai da yawa suna ɗaukar Fir'auna sarkin birni ɗaya ne a bakin Nilu, alhali mulkinsa ya wuce haka nesa.

Tun da fari Misirawa ba su matsa wa kansu da mallakar ƙasar Sham ba, domin hamada ta tsare su gabas da yamma, fatauci kuwa ya ishe su. Abin da ya sake musu ra'ayi shi ne waɗansu mutane 'yan asalin Sham, da ake kira Heksos, sun mallaki arewacin Masar wajen shekara ta 1650 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), suka yi kamar shekara 100 suna mulki. Da Sarki Ahmos ya kore su wajen 1550, sai sarakunan da suka biyo bayansa suka ɗauki hanyar tarbar abokin gaba tun yana ƙasarsa. A cikin wannan zamani ne kalmar Fir'auna, wadda asalinta "babban gida", wato fada, ta zama laƙabin sarki kansa. Abin lura ne cewa Alƙur'ani bai kira mai mulkin zamanin Annabi Yusufu da wannan laƙabi ba, sarki kawai ya ce da shi.

Tuhutmos na Ɗaya ya kai yaƙi har bakin kogin Furatu, inda mutanensa suka yi mamakin ruwa mai gudu kudu, su da suka saba da Nilu mai gudu arewa. Amma jikansa Tuhutmos na Uku shi ne ya kafa daular sosai. Wajen 1457 ya karya taron sarakunan Kan'ana a Majiddo, cikin ƙasar Falasɗinu, ya kewaye birnin wata 7 har suka miƙa wuya. Bai tuɓe yawancinsu ba. Ya bar kowa bisa gadonsa, ya rantsar da su, ya aza musu haraji, sannan ya kwashe 'ya'yansu zuwa Masar. Can ake renon yaro da ladubban fada, in ubansa ya mutu a mayar da shi ya gaje shi. Ɗan yana garkuwa tun yana ƙarami, in ya girma kuma ya zama bara. Wannan dabara ta fi takobi arha.

A kudu ba a yi wannan sassauci ba. Ƙasar Nuba, wadda yawancinta ke cikin Sudan a yau, nan zinariya take, saboda haka aka mallake ta kai tsaye har Dutsen Barkal, aka naɗa mata hakimi mai laƙabin Ɗan Sarki na Kush.

Yadda ake tafiyar da hulɗar waje ya bayyana ne a 1887, lokacin da aka tono alluna na yumɓu fiye da 300 a Amarna. Wasiƙu ne zuwa ga Amanhotaf na Uku da ɗansa Akhnaton, yawancinsu da harshen Akkadiyanci na ƙasar Babila, wanda shi ne harshen manzanci a wancan zamani. Manyan sarakuna, irin na Babila da Mitanni, suna kiran Fir'auna ɗan'uwa, suna aika masa dawaki da 'ya'yansu mata, suna roƙon zinariya. Sarkin Mitanni har cewa ya yi zinariya a Masar kamar ƙura take. Da sarkin Babila ya nemi auren 'yar Fir'auna kuwa, sai aka amsa masa cewa ba a taɓa ba wani 'yar sarkin Masar ba. Yana karɓa, ba ya bayarwa. Su kuwa ƙananan sarakunan Sham, kowa sai ya fara da faɗuwa ƙasa sau bakwai bakwai, ya kira kansa ƙurar ƙafar ubangijinsa, sannan ya shiga kai ƙarar maƙwabcinsa. Sarkin Jubailu, a Lebanon ta yau, ya aika wasiƙu wajen 60 yana neman mayaƙa, daga ƙarshe ya rasa garinsa. Wanda ya karanta wannan ba zai rasa tuna abin da farkon Suratul Ƙasas ya faɗa ba game da Fir'auna da rarraba mutane ƙungiya ƙungiya.

Iyakar ƙarfin ta fito fili a Ƙadash, cikin Siriya, wajen 1274, inda Ramsis na Biyu ya gamu da Hittiyawa na ƙasar Turkiyya ta yau. Da ƙyar ya sha, bai ci garin ba, amma ya koma gida ya sa aka sassaƙa labarin nasara a bangayen ɗakunan bauta. Bayan shekara 15 aka ƙulla sulhu a rubuce, daga baya ya auri 'yar sarkinsu. Waɗansu na cewa shi ne Fir'aunan Musa, waɗansu ɗansa Marnaftah, amma Alƙur'ani bai ambaci suna ba, saboda haka bai kamata mai wa'azi ya yanke ba.

To, in aka duba wannan, za a ga hanyar arewa ta bakin teku zuwa Gaza cike take da ganuwoyi da masu tsaro, Gaza kuwa mazaunin wakilin Fir'auna ce, kudu kuma hakiminsa na nan. Madyana tana gabas da gaɓar Aƙaba, a arewa maso yammacin ƙasar Larabawa, bayan hamadar Sina'i, ba ta cikin masu kai haraji. Can Annabi Musa ya nufa, ya isa bakin rijiyarta ba shi da ko guzuri.