Idan Mota Ta Kafe a Laka

Damina albarka ce, amma direban hanyar ƙauye ya san wahalarta. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta lokacin marka, hanyar da ba kwalta takan jiƙe ta yi laushi. Ba kowace ƙasa ce ke kama mota ba. Jigawa tana shanye ruwa da wuri. Hanyar burji tana santsi, amma ƙarƙashinta da tauri. Abin tsoro shi ne lakar fadama, da baƙar ƙasar nan ta gabashin Borno, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda ake kira firgi. Da rani ta tsattsage, da damina ta kumbura ta yi danƙo, ta riƙe taya gam.

In ka iso wurin caɓi, ka tsaya tukuna. Ka sauka, ko ka tura yaron mota da sanda ya auna zurfinsa. Ka tambayi mutanen wurin, domin su suka san inda ƙasa take da ƙarfi. In za ka shiga, sa giya ta ɗaya ko ta biyu, ka tafi a hankali. Kada ka tsaya, kada ka sauya giya a tsakiya. In kuwa ruwa ne mai gudu ya haye hanya, ka jira ya janye. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba, wato ko gwiwa bai kai ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita.

To, in ta riga ta kafe fa? Abu na farko, ɗaga ƙafarka daga totur. A nan ne direbobi da yawa suke cutar kansu. Mutum ya ji mota ta tsaya, sai ya ƙara ba ta wuta. Taya tana juyawa a wuri guda, tana watso laka baya, tana haƙa wa kanta rami. Kafin ka ankara cikin motar ya zauna daram a ƙasa, tayoyi suna lilo a banza. Aikin da mutum uku za su gama ya koma na tarakta. Ga kuloci yana ƙonewa, ga mai yana tafiya.

Sai fasinja su sauka, a sauke kaya masu nauyi. Daga nan ka duba tayoyin da ke jan motar. Ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharon na gaba ne ke ja. A-kori-kura da manyan motoci kuwa na baya ne. Waɗannan tayoyin su za a yi wa aiki. A sa shebur ko fartanya a kwashe lakar da ke gabansu da bayansu, a yi musu gangare mai sauƙin hawa. In cikin motar ya taɓa ƙasa, nan ma a kwashe. Sannan a cusa abin da taya za ta kama: rassan itace, karan dawa, tsakuwa, katako, har shimfiɗar ƙafa ta cikin motar. A tura su sosai ƙarƙashin tayar, domin wanda aka ajiye nesa da ita ba ya amfani.

Rage iska ma yana taimakawa. Mai faci yakan sa wa ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a gejinsa. In aka rage zuwa kamar 20, tayar takan baje ta ƙara kama ƙasa. Amma da an fita sai a tafi sannu a nemi mai faci ya mayar.

Yanzu sai a miƙe sitiyari. Direba ya ɗan yi gaba, ya ɗan yi baya, yana taka totur kaɗan kaɗan, masu turi suna bin motsin motar. Sau da yawa komawa baya ya fi sauƙi, domin hanyar da ka shigo ka san ta ɗauke ka.

A kula da rai. Mai turi kada ya tsaya daidai bayan taya, don tana iya harbo dutse ko katako. In an ɗaga mota da jak, a ɗora shi kan faffaɗan katako, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashi ko ya zura hannu. In laka ta toshe salansa, a kashe injin, domin hayaƙin yana komawa cikin mota, kuma yana kisa. In wata mota ko tarakta za ta ja, a ɗaura igiya ko sarƙa a ƙugiyar da aka yi don haka, ba a bamba ba. Kowa ya matsa nesa, musamman yara. Igiyar da ta tsinke tana dawowa kamar bulala, ta karya ƙafa ko ta fasa ido.

Akwai kuma haƙƙin manomi. Bai dace direba ya kauce wa caɓi ya bi ta cikin shukar mutane ba, ko ya sare musu reshe ba izini. Ka je ka yi sallama, ka ce, "Baba, sannu da aiki, a taimaka mana da fartanya." Da wuya a hana ka, sau da yawa ma har samari za a haɗa ka da su. In an gama, ka yi godiya, ka ba su na goro, ka kwashe duwatsun da aka zuba don kada mai babur ya faɗi a kansu.

Da ka hau busasshiyar ƙasa, taka birki sau da yawa a hankali har ya kama, domin jiƙaƙƙen birki ba ya riƙe mota. Kai mai karatu, in kana da mota ko kana bin mota, kafin ruwan bana ya zauna ka tanadi shebur da igiya mai ƙarfi da katako biyu, ka ajiye su a but.