Mai Gadin da Ya Tsare Tufafin Shafi

Sau da yawa mutum a Ƙafin Maiyaki zai buɗe shafin intanet don cike takardar jarrabawa, ya tarar da shi tsirara, babu launi babu tsari. Ba lallai ne laifin wayarsa ba. Tufafin shafi shi ne fayil ɗin CSS. A manhajar Apache kuwa, dokokin .htaccess su ne mai gadi. Doka ɗaya karkatacciya takan bar rubutu ya wuce, ta tsare tufafin.

Mai gyara ya danna F12 a kwamfuta. Lamba 403 na nufin an hana, 404 kuwa fayil ɗin ba ya nan. Sai ya ɗage dokokin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana. Ita kaɗai zai gyara, kada ya rushe katanga ɓarayi su shigo.