Darasi A Kan Hatsin Manoma, Furen Da Ke Buɗewa Da Dare

Darasinmu na wannan karo ya shafi wani tsiro da ke fitowa a rairayin ƙasashen Sahel, irin na Filinge da sauran ƙasar Kurfai, inda kwarin Dallol Boso ya ratsa gindin duwatsu. Hausawa na kiransa hatsin manoma, masana kuwa Pancratium trianthum. Likita Dalziel ya rubuta sunansa na Hausa cikin littafinsa na sunayen tsirrai a 1916.

Na farko, rayuwarsa. Tushensa dunƙule ne kamar albasa. Yana kwance cikin ƙasa duk tsawon rani, ba ganye ba fure, yana riƙe da ruwa da abincin da ya tara. Da ruwan farko ya sauka, sai ya fito da fararen furanni, daidai lokacin da manomi ke shirin shuka.

Na biyu, dalilin buɗewarsa da dare. Furen yakan buɗe da almuru, ƙamshinsa ya bazu, rana na ɗagawa ya yanƙwane. Maƙogwaronsa dogo ne, zaƙin kuma yana can ƙasa, ba mai kai gare shi sai wani irin malam-buɗe-littafi mai dogon baki da ke yawo da dare. Farin launi da ƙamshi su ke yi masa jagora cikin duhu. Garin shan zaƙin yakan kwashi ƙurar fure ya kai wa wani furen, ta haka iri ke samuwa.

Na uku, gargaɗi, kuma shi ne muhimmi. Ko da yake an ce masa hatsi, ba abinci ba ne. Tushensa na da dafi, kamar na danginsa, mai sa amai da zawo. Ga shi kuma yana bayyana ne farkon damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san yadda ake komawa ga abincin daji, irin su hanza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki kafin a ci. Kada a saka wannan tsiro cikinsu.

Alamarsa mai sauƙi ce: ba ya warin albasa. Wajibi ne iyaye su nuna wa yara, musamman masu kiwo, su san shi, kada su tona su kai baki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.