Hoton wuyan hannu

Wuyan hannu ba ƙashi guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne, jeri biyu, huɗu-huɗu. Da taimakonsu muke riƙe hauya, muke daka, muke jan guga.

In mutum ya faɗo daga amalanke ko daga moto, da tafin hannu yake dafa ƙasa. Cikin ƙasusuwan nan 8, wanda ya fi karyewa shi ne na gindin babban yatsa. Sau da yawa hannun ba ya kumbura sosai, sai a ce targaɗe ne. To, ƙashin nan, jini ba ya isa wani gefensa da kyau. In ba a kula da shi da wuri ba, yana iya ƙin haɗewa. Hannu ya yi ta ciwo, ƙarfinsa ya ragu.

A gidan likita ana ɗaukar hoton ƙashi, wanda muke cewa radiyo. Wani Bajamushe, Röntgen, ya gano haskensa a 1895. Amma a hoton radiyo ƙasusuwa suna hawan juna, ƙaramar tsaga tana iya ɓuya.

Akwai wata na'ura da ta fi gani. An fara aiki da ita wajen haƙora, a Italiya da Japan, cikin shekarun 1990. Haskenta yana fita da siffar mazurari: tsukakke a baki, da faɗi a gaba. Majinyaci ya sa hannunsa ciki, ya tsaya cik. Na'urar ta kewaya hannun sau ɗaya, ta ɗauki hotuna ɗaruruwa. Ba a kai minti guda, ba zafi. Kwamfuta ta haɗa hotunan, likita ya duba ƙashin ta kowane gefe, kamar yana juya shi a tafinsa. Ƙashi take nunawa da kyau, ban da jijiyoyi.

Na'urar ba ko'ina take ba. Inda babu ita, likita yakan ɗaure hannun, ya sake radiyo bayan kwana 10 zuwa 14.

Jama'a, in kun faɗi, ku taɓa ɗan ramin da ke gindin babban yatsa. In da zafi, ku tafi likita, kada ku jira. Mai ciki ta shaida ma likita kafin hoto.

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa ke cikin wuyan hannu?
2. Don mi tsaga take ɓuya a hoton radiyo?